Direba a Kujerar Fasinja

Mijina direban bas ne, kuma duk da ya yi ritaya, in kana neman zaman lafiya da shi kada bakinka ya kuskura ya ce masa tsohon direba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi a bayan sitiyarin motar kamfanin sufuri, a layi ɗaya tilo, wanda ya taso daga tsohuwar kasuwa, ya biyo ta ƙofar gidanmu, ya haye gada ya tsaya can inda gari ya ƙare. Kowa a unguwa Direba yake kiransa, har da ni. Shi kuma Kwandasta yake ce mini, wai don ni ke faɗin inda kowa zai zauna da inda zai sauka a gidan nan. Ban taɓa musa masa ba, don gaskiya ce.

Ranar da ya ajiye aiki da fara'arsa ya dawo, rungume da agogon bango da abokan aiki suka ba shi. Ya rataye shi a falo, ya ja baya ya dube shi, ya ce daga yau agogo ne zai riƙa binsa, ba shi zai bi agogo ba. Makon farko lafiya lau. A na biyu ya fara gyaran abin da bai lalace ba. Ya kwance famfon kicin ya mayar, famfon da ba ya ɗiga ya fara ɗiga. Ya zuba wa keken ɗinkina mai har sai da ya ɓata mini yadin wata mata mai baki. Kowace safiya sai ya zagaya falo yana dukan ƙafafun kujeru da ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, yadda yake duba tayoyi kafin ya fito da mota daga gareji. Duk wannan na jure, har dariya nake yi a ɓoye.

Abin da ban jure ba shi ne shirun da ya biyo baya. Muna zaune ne a bene, saman shagon mai aski, tagar falonmu na kallon babban titi. Da farko a bakin tagar yake wuni, yana gane kowace mota da kukan injinta tun ba ta ɓullo ba, yana faɗin wanda ke tuƙi da kuma laifinsa. Wata rana na fito daga wanka na tarar ya juya kujerarsa ta ba taga baya. Daga nan ya ɗauke ƙafa daga babban titi gaba ɗaya. In na aike shi sayen burodi sai ya bi ta lungun baya, ya yi zagayen da ya ninka hanya, don dai kada wani direba ya hango shi a ƙasa da leda a hannu. Mutumin da a da in ya yi dariya sai mai aski ya ɗago kai daga ƙasa, ya koma sai ka roƙe shi kafin ka ga haƙoransa.

Sai kuma ya kafa doka. Shi, wai, ba ya shiga motar da wani ke tuƙawa. Ba bas ba, ba tasi ba, ba ta suruki ba. Mu kuwa ba mu da mota, don tun yana aiki yake cewa wanda ya saba da babba me zai yi da gwangwani.

Da dokar ta tsaya a kansa shi kaɗai, da na ƙyale shi. To amma akwai Auta, 'yarmu ta ƙarshe, wadda tun tana rarrafe ba ta da abin so kamar ubanta. Ita da mijinta sun koma wani gida can bayan gada, dab da ƙarshen layi. Cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ta zauna wuri ɗaya. Ita ba ta iya zuwa, shi kuma ya ƙi tafiya. Kullum sai ta kira waya.

"Baba, yaushe za ka zo ka ga gidana?"

"Ina nan tafe, Auta. Famfon nan ne ya riƙe ni."

Da famfo ya ƙare sai gwiwa, da gwiwa ta ƙare sai mura. Surukinmu ya zo har ƙofar gida da motarsa, Direba ya kwanta ya ce cikinsa ke murɗawa, yaron yana fita ya tashi ya share farantin shinkafa ya nemi ƙari. Wata rana ya saci jiki ya kama hanya a ƙasa, ya kai shataletale gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, ya dawo yana ɗingishi ya ce mini takalma ya je dubawa. Daga baya Auta ta daina tambaya, sai ta gaishe shi kawai ta ce a ba Mama. Wannan ya fi tambayar ciwo, kuma na san shi ma ya ji.

Ran nan muna shan shayi na ajiye kofina na ce, "Direba, yarinyar nan kuka ta yi mini jiya. Me ta yi maka?"

Ya daɗe yana juya cokali a kofin da babu sauran sukari a ciki.

"Kwandasta, in na shiga motar nan, a ina zan zauna? Mutum ya ƙare ƙuruciyarsa ana cewa Direba tsaya, Direba mu tafi, rai cike da mota duk a hannunsa. Yau kuma in shiga in riƙe ƙarfe ina layi, yaran da na koya wa yin baya da mota su ce, Baba ga wuri zauna? A can ni wani ne. A kujerar baya ni wane ne?"

Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, kuma haushin ne ya riga fita.

"To mu da muka tsufa a kujerar fasinja, kaya ne mu? Buhunan gawayi ka yi ta ɗauka duk shekarun nan?"

Ya tashi ya je ya daki ƙafar kujera.

Bayan kwana biyu na gama ɗinkin kayan jariri. Na cika jaka da 'yan riguna da zannuwa da tawul, ga kuma wani babban bahon roba na wankan jariri, shuɗi, wanda ba ya shiga kowace jaka. Na tsaya a tsakiyar falo na ce masa hannuna biyu ne kacal, in yana so in faɗo daga bene da baho to ya ci gaba da zama. Muka yi ciniki. Ya ce zai kai mini bakin matakala, na ce tasha, muka shirya a kan zai raka ni har kantin magani, rabin hanya ke nan, ya juyo. Ko kaya bai sake ba. Da tsohuwar rigarsa ta zaman gida ya fito, da silifa, ya rungumi baho kamar garkuwa.

Mai aski na ganinsa ya tsayar da almakashi. "A'a, Direba! Yau a babban titi? Wanka za a je yi?"

"Aske kan da ke gabanka," in ji shi, bai ko waiwaya ba.

Mun kusa kantin magani sai na ga ya ja ya tsaya cak, ya karkata kai. Ni ban ji komai ba sai hayaniyar titi.

"Tawa ce," ya ce a hankali. "Ji yadda take tari in an sa mata giya ta uku."

Sai ga ta ta ɓullo daga kwana, doguwa, fentinta ya koɗe, motar da ya daɗe da ita fiye da yadda wasu ke daɗewa da aure.

A nan sai na yi bayani. Direbobin kamfanin suna da gaisuwarsu. In biyu suka yi kiciɓis a hanya, wannan na tafiya wancan na dawowa, ba a yin ham, ba a yin magana, kowa zai ɗaga hannu ɗaya daga sitiyari, tafi a buɗe, ya mayar. Sau nawa mijina ya yi wannan a rayuwarsa, Allah kaɗai ya sani. To da motar ta matso, hannun nan bai nemi shawarar kowa ba. Ya saki gefen baho ya tashi sama, tafi a buɗe. A bayan sitiyari wannan gaisuwa ce. A bakin titi kuwa, daga dattijo mai silifa da kaya niƙi-niƙi, kowa ya san abin da take nufi.

Motar ta sa sigina, ta rage gudu, ta tsaya a gabanmu daidai. Ƙofa ta buɗe da hucinta. A kujerar direba wata matashiya ce, siririya, da gilashin rana a goshi, ba mu taɓa ganinta ba, ita ma ba ta san shi ba.

"Baba, yi sauri don Allah, nan ba tasha ba ce. Don na ga kayanka na tsaya."

Ya daskare. Ni na san abin da ke yawo a kansa, don na sha jin sa a kan tabarmar cin abinci. A wurin mijina ba a yi mai laifi a duniya kamar wanda zai tsayar da bas cike da mutane a inda ba tasha ba, sannan ya ce a'a, shi ba tafiya zai yi ba. Irin waɗannan ya yi ta yi musu addu'ar shiriya da ƙarfi har shekara talatin. Ga shi yarinya ta karya doka saboda shi, ga fuskoki a kowace taga sun zuba masa ido, ga motocin baya sun fara danna ham. Ya dube ni, neman ceto. Ni kuwa na ɗaga kai ina duba ko za a yi ruwa.

Ya sa ƙafa ya hau.

Yana hawa jikinsa ya karkata wajen kujerar direba, sai da na jawo rigarsa ta baya. Na biya kuɗin mota na tura shi ciki. Motar ta tashi yana tsaye, sai ga Direba guda ya yi baya taga-taga, ya yi gaba, baho ya kuɓuce ya kife a kan cinyar wani mutum mai karanta jarida. Ashe mijina bai iya tsayuwa a cikin bas ba. Ina zai iya, bai taɓa yi ba.

"Ware ƙafafunka," na ce masa. "Riƙe nan, ba can ba. Saki gwiwarka ta bi motar."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Nan ofishina ne."

Muka samu wuri a tsakiya, kujerar da ke kan taya, wadda duk tsohon fasinja ke gudu don gwiwarka sai ta kusa taɓa haɓarka. Na tura shi jikin taga, na ɗora masa baho a cinya. Bai kalli taga ba. Wuyansa ya miƙe yana leƙen gilashin gaba ta tsakanin kawunan mutane. In mai babur ya gifta sai in ji silifa ta daki ƙasa, yana taka birkin da babu. Da muka doshi danja hannunsa ya sauko ya damƙi gwiwata ya tura ta gaba.

"Direba, gwiwata ce wannan, ba giya ba."

Ya saki, amma bai ji kunya ba, hankalinsa na can gaba. Mun wuce shataletale, mun doshi kwanar makaranta. Kwana ce matsattsiya, katanga a hagu, masu kayan marmari sun cinye rabin titi a dama. Tun ina amarya nake jin labarin kwanar nan. A faɗarsa, duk garejin shi kaɗai ke shanye ta a tashi ɗaya ba tare da ya ja baya ba.

"Ta shiga da wuri," ya ce, ya fara miƙewa. "Za ta goge katanga. Kai, yarinyar nan za ta..."

Na riƙe rigarsa da hannu biyu na zaunar da shi. "Wallahi ka buɗe baki a motar nan, a tasha ta gaba zan sauka in bar ka da bahonka."

Yarinyar ta ɗan ja motar nesa da katanga, ta naɗe sitiyari, doguwar motar nan ta bi kwana sumul kamar zare a bakin allura. Ko lemo ɗaya bai gangaro daga tiren kowa ba. Tana fita ta miƙa hannu ta gyara madubi abinta.

Mijina ya koma ya jingina. Wuyan da ya miƙe ya sauko. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Ko shayi aka ɗora a kan injin ba zai zube ba."

Na san shi sarai. Ba so yake ta yi haɗari ba, Allah ya kiyaye, amma da ta ɗan goge fenti ko ta ja baya sau ɗaya, da ya samu abin riƙewa. Yanzu ya gani da idonsa, motarsa na tafiya lafiya lau ba shi. Ya sunkuyar da kai yana kallon cikin baho, ni kuma zuciyata ta karye, har na fara da-na-sanin kallon saman da na yi.

Sai aka taɓa kafaɗarsa daga baya.

"Baba, don Allah kada ka juyo tukuna."

Ni na juya. Wata mata ce mai cikar jiki, da fararen kayan ma'aikatan asibiti, ta ƙura wa bayan kan mijina ido ta saman tabarau.

"Wallahi na san ƙeyar nan," ta ce. "Ga ninkin nan guda biyu, ga ɗan tabon nan a bayan kunne. Baba, ba kai ne kake jan motar nan ba a da?"

Ya juyo a hankali. Ta tafa hannu.

"Ikon Allah, ashe haka fuskarka take! Tun ina sakandare nake zama a kujerar bayan direba, har na gama makarantar jinya, har na fara aiki. Ƙeyar nan na haddace ta fiye da karatuna. Idanunka kawai nake gani a madubi. Kullum a makare nake fitowa, in ka hango ni ina gudu sai ka yi kamar kana gyara madubi har in iso."

"Madubin ne ba ya zama," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Kullum sai in na makara yake lalacewa?"

Mai jaridar nan da baho ya faɗa wa ya sauke jaridarsa ya leƙo. "Ku ce mini Sai-kun-zauna ne!"

"Wane ne haka?" mijina ya tambaya.

"Kai mana! Ba ka san sunanka ba? Ai ba ka tayar da mota sai kowane tsoho ya zauna. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, in ba motarka ba ce sai ta ce a bar ta ta jira ta gaba."

Wani daga baya ya ɗago murya. "Ni kam ya sha sa ni makara! Tafiya kamar an ɗauko ƙwai. Sau nawa maigidana ya yi mini faɗa saboda bawan Allahn nan."

"Amma ka isa da ƙafafunka biyu ko?" in ji matar asibitin. Mota ta ɗauki dariya.

Wata tsohuwa da ke gefenmu, wadda tun ɗazu take taunar wani abu, ta dube shi sama da ƙasa. "Ina ka shiga ne? Ni na ɗauka mutuwa ka yi, har na yi maka addu'a."

"Ritaya na yi, Iya."

"To ai gara haka. Addu'ar ka riƙe, za ta yi amfani gaba."

A nan ne dariyar ta ƙwace masa, irin ta da, mai girgiza kafaɗa, har baho na rawa a cinyarsa. Ya kai hannu yana shafa ƙeyarsa kamar yau aka ba shi ita. Na ce musu ni dai an cuce ni, don fuska na aure shi, ashe ƙeya ce ta yi suna a gari. Ina faɗa ina dariya, amma idona ya ciko, don rabona da jin wannan dariyar har na fara mantawa da ita.

Mutane suka yi ta sauka, kowa sai ya ce masa a gaida gida. Da muka hau gada motar ta yi sauƙi. Ban san abin da ya ja shi ba, sai na ga a karon farko ya juya ya kalli taga. Ya matsa har goshinsa ya taɓa gilashi.

"Kwandasta, yaushe aka yi lambu a ƙarƙashin gadar nan?"

"Tun kafin a haifi Auta."

"Kai, haba!"

"Ga masu ban-ruwa can, ga filin ƙwallo, ga inda ake wanke motoci. Can kuma inda fararen tsuntsayen nan suke, nan ruwan ya fi zurfi."

"Ni dai na san gadar nan da rami biyu, ɗaya a hawa ɗaya a sauka," ya ce. Ya ci gaba da kallo, baki a ɗan buɗe. Bayan gada ya ga wani gida mai baranda cike da furanni, ya ga shagon da aka zana ƙaton kifi a bangonsa, ya ga wani tela a saman bene yana ɗinki a bakin taga kamar ni. Kowanne sai ya taɓo ni ya nuna mini, ni da na gaji da ganinsu. "Ashe ku kallo kuke sha a bayan nan. Ni ina can gaba ina fama da masu babur, ku kuna yawon buɗe ido."

"Da ka ɗauka wahala muke sha?"

Muka doshi tashar su Auta. Na nuna masa jan madannin da ke jikin ƙarfe na ce ya danna. Ya dubi abin nan, ya dube ni. Ƙararrawar da ta yi shekara da shekaru tana ba shi umarni, tana katse masa tunani, tana sa shi tsaki. Ya ɗora babban yatsa ya danna, ya ƙi ɗagawa.

"Na ji, Baba, na ji!" direbar ta ɗago murya daga gaba.

Motar ta rage gudu ta tsaya. Ya dube ni fuska cike da murna. "Ashe haka take da daɗi. Shi ya sa ba kwa tausayin mutum."

Maimakon ƙofar baya sai ya nufi ta gaba. Na ce a raina yanzu zai buɗe mata makaranta. Ya tsaya kusa da ita da bahonsa, ya gyara murya.

"'Yata, kwanar makarantar nan. Hannunki ya yi kyau."

"Na gode, Baba. Na ji abin da ake faɗa a baya. Ashe kai ne ka lotsa mini kujerar nan, sai da matashi nake iya hango titi."

"Giya ta uku kuma sai kin lallaɓa ta, ki ɗan..."

"An canja ta tuni. Tarin ne kawai ta ƙi bari."

Ya yi dariya ya girgiza kai. Ya sa ƙafa ɗaya a matakala sannan ya waiwayo. "Ɗazun nan fa, ba tsayar da ke na yi ba. Gaisuwa ce."

Ta dube shi, ta dubi silifansa, ta gane. "To ai na amsa, Baba."

Auta ce ta buɗe mana ƙofa da kanta, hannu ɗaya a ƙugu. Ta ga uban a tsaye da rigar zaman gida da shuɗin baho, sai ta toshe baki, hawaye suka zubo.

"Baba! Wa ya kawo ka?"

"Kawo ni aka yi," ya ce, ya ɗaga haɓa. "Ina zaune jikin taga, ana tuƙa ni. Da na ga dama na danna ƙararrawa aka tsaya mini. Matsa in ga gidan nan da ake ta yi mini gori a kansa."

Ya zagaya ɗaki-ɗaki, ya yaba iska, ya kushe labule. Ya zaunar da ita ya ɗora mata ƙafafu a kan matashi, ya shiga kicin da kansa ya dafa mana shayi. Labarin motar kuwa ya ba ta shi har sau biyu, a na biyun mutanen da suka gane shi sun ninka, tsohuwar nan kuma har kuka ta yi. Ban gyara masa ba. Auta ta sa shi ya juya ta duba ƙeyar da kyau, ta ce ita dai ba ta ga abin haddacewa ba, ya ce ai sai mai ilimi. Da za mu tafi ta riƙe hannunsa ta ce yaushe zai dawo. Ya ce jibi, kuma ta ajiye masa labulen nan zai zo ya sake rataye shi daidai.

Da la'asar muka tsaya a tasha kamar kowa. Motar da ta zo wani yaronsa ne ke jan ta, cikin waɗanda ya koya wa aiki. Yana ganinsa ya zabura zai miƙe.

"Maigida! Kai ne? Bismillah, zo nan gaba..."

"Zauna, kalli gabanka," in ji mijina. "Fasinja ne ni, kada ka sa in makara."

Ya wuce ciki yana ware ƙafafu yadda na koya masa, ya zaɓi kujera da kansa, ta jikin taga, wai bai ga ɗaya ɓarin garin ba tukuna. Ya tambaye ni layin da ke zuwa filin jirgi ta ina yake bi, da wanda ke zagayawa ta bayan masana'antu, don shi duk garin nan titi ɗaya ya sani. Na ce zan kai shi, in ya yi alkawarin barin famfona ya huta. Ya ce za a duba. Muka hau gada, rana ta yi sanyi a kan ruwa, masu lambu suna naɗe tiyo. Yana cikin nuna mini wani abu sai maganar ta fara ja, hannun ya sauko.

Kafin mu kai kwanar makaranta kansa ya kwanta a kafaɗata. Mijina, a cikin motar da wani ke tuƙawa, yana barci har da ɗan minshari. Na hango kantin magani, na hango shagon mai aski da tagarmu a sama. Madannin yana nan dab da hannuna. Na gyara masa kai, na bar motar ta wuce da mu.